Wanne Zan Gyara Maka?

Da yammacin wata Laraba Abdurrahim ya sauka daga okada a ƙofar maƙabartar unguwarsu a Agege. Kwamitin jana'iza ne suka ba shi aikin gina manhajar kwamfuta mai nuna inda aka binne kowa, domin tun da Ɗan Azumi mai haƙar kabari ya rasu, kaburbura suka fara ɓace wa mutane. Sharaɗinsu biyu ne: ta yi aiki a tsohuwar kwamfutar ofishin maƙabartar ba tare da intanet ba, kuma sunan da aka shigar kada ya gogu.

Abin da ya rage masa shi ne zaɓen tubalin da zai gina ta a kai, wanda masu sana'arsu ke kira framework. Uku ya ɗauko: Electron, Qt da Tauri. Ya haɗa ɗan samfuri da kowanne don ya ga wanda kwamfutar za ta iya ɗauka. Shi kuwa mai irin wannan aiki, in zai yi gwaji, duk sunan da ya zo masa yake rubutawa. Gogan naku sai ya rubuta nasa a duka ukun, da lambar kabari daban-daban, da ranar rasuwa ta yau. Har da 'yar dariyarsa.

Ana fara kiran magariba aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, amma kwamfutar ba ta mutu ba.

Sai ya ji ƙarar shebur a bayan ofis. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga, ga shi ba a yi ruwa ba.

"Oga," in ji wata murya ƙasa-ƙasa a bakin tagar. "Na haƙa uku. Wanne zan gyara maka?"

Muryar Ɗan Azumi ce. Abdurrahim da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Nan take ya goge samfuri na farko gaba ɗaya. A waje aka ji ƙasa na zuba cikin rami. Ya goge na biyu, aka sake ji.

Na ukun ya ƙi goguwa. Wannan samfurin kaɗai ya gama ɗora wa sharaɗin kwamiti na hana goge suna, kuma ya ɗora shi da kyau.

Warin kafur ya cika ɗakin. Ƙofa ta fara buɗewa a hankali.

"To, wannan ke nan," in ji muryar.

Gurbin kwanan wata kaɗai ke karɓar gyara, shi ma ba ya matsawa gaba fiye da kwana bakwai. Ya tura ranar rasuwar gaba, ya fita a guje ba takalmi.

Da safe aka tarar da ramuka biyu a cike, ɗaya a buɗe, daidai tsawonsa. Kwamiti suka ga samfurin da ya rage, suka yaba da zaɓinsa, wai manhajar ba ta da nauyi. Bai ce musu komai ba.

Yau shekara biyu ke nan, matarsa Nafissa ta kasa gane abin da ya hana shi zuwa gida Kano ko da sallah. Duk Talata da hantsi yana ofishin nan, yana ƙara wa kansa mako guda.