Tikitin Kibiya

Na'urar tikiti ta tashar Sabuwar Gusau ta haska tafin hannun Malam Tanimu da shuɗin haske, ta gane shi, ta gaishe shi da muryar mace.

"Tikitin zagaya ƙasa iri biyu ne. Akwai Sake: kwana bakwai, ka sauka inda ka so, ka hau sanda ka so, amma ba a lamunce maka lokacin dawowa ba. Akwai Kibiya: ba tsayawa, ba makara."

Malam Tanimu mai gyaran famfo ne. Nan da kwana takwas 'yarsa Zulai za ta tashi zuwa duniyar Wata, aikin haƙar ma'adinai na shekara shida. Tun da takardar ta zo bai yi barci mai kyau ba. Akwai maganar da yake so ya yi mata, ya kasa a gida. A gidansu a jirgin ƙasa ake irin wannan magana. Yana ɗan shekara ashirin, jirginsu ya tsaya a Kafanchan tun hantsi har la'asar yana jiran wani jirgin ya wuce. Mahaifinsa ya kwance guzuri, aka raba dambu da baƙin da ke gefe, sannan ya faɗa masa duk abin da bai taɓa faɗa ba.

Yatsansa ya nufi Sake, sai ya tsaya. In suka makara fa? In kumbon ya tashi ya bar ta saboda shi? Ya danna Kibiya.

"Baba, ka karanta kuwa?" Zulai, da ke tsaye a gefensa, ta tambaya.

"Ni da na fara hawa jirgi tun ba a haifi uwarki ba?"

Jiragen yanzu ba sa taɓa dogo. Maganaɗisu ne ke ɗaga su cikin bututun da aka zuƙe wa iska, don haka babu abin da ke rage musu gudu. Tagar ma allo ce, tana nuna hoton garin da aka wuce. Zariya ta gifta. Minna ta gifta. Ya ga teku kamar ƙiftawar ido. Yana cikin kokawa da ƙullin ledar dambu muryar jirgin ta ce, "Kafanchan." Kafin ya ɗago kai ta ce, "Jos."

Awa huɗu da minti goma suka dawo Gusau. Ko azahar ba a kira ba.

Ya tsaya a dandamali da ledar a hannu, ya kasa kallon Zulai.

"Mun ga ƙasa, Baba," ta ce tana danne dariya.

"Mun gani."

Ta daɗe tana kallon ledar. Sai ta waiga neman benci. Babu ko ɗaya, an kwashe su tun da aka daina jira. Ta cire gyalenta ta shimfiɗa a ƙasa.

"Zauna. Kwance mana dambun nan."

Wani mutum-mutumin shara ya gangaro ya tsaya a kansu. "Me kuke jira?"

"Jirgi," in ji Zulai.

"Shekara talatin ke nan babu jirgin da ya makara."

"Mun sani. Matsa, ka tare mana iska."

Malam Tanimu ya zauna, ya kwance ƙullin a hankali. Jirage uku suka zo suka wuce kafin ya ce, "Zulai, ranar da aka haife ki..."