Kwamitin Rakiya

Ku ne kuka lalata kalmar nan, kuma kun san kanku. Da can in an ce rakiya, mutunci ake nufi: baƙo ya miƙe, ka karɓar masa jaka, ka taka masa zuwa bakin titi kana cewa ya gaida gida. Ku kuka ɗauke ta kuka mayar da ita bulala. Ba ku da zuciyar da za ku ce wa mutum fita, ba ku da imanin da za ku bar shi ya zauna, sai kuka sami kalma mai kyau kuka laɓe a bayanta. To ga labarin ɗaya daga cikinku, in ya yi kama da wani, ba ni na haɗa su ba.

Kafinta yana tsugune a tsakar gida yana goge ƙafar gadon aurensa, Inna mahaifiyarsa tana shanya, sai ga Baffa ya shigo da sallamar da ta fi ƙarfin gidan. Baffa ƙanen mahaifin Kafinta ne, shi ke riƙe da gidan tun da yayansa ya rasu, kuma kwanan nan ya sami abin da ya daɗe yana nema a duniya, wato a kira shi Ciyaman. Ya zauna a kujera, ya dubi gadon kamar ya ga mushe, ya ce a daina ɓata katako, maganar auren nan ta tashi.

Yarinyar da ake magana a kanta ita ce Auta, 'yar tsohon nan mai gyaran keken ɗinki da ke ƙarshen layi. Laifinsu ɗaya ne: a cikin gida suna magana da harshen mutanen ƙetaren iyaka. Kakan Auta a layin nan aka yanke masa cibi, amma wannan bai hana a ce musu baƙi ba. Can ƙetaren ma haka take, akwai namu mutanen da suke zaune 'yan tsiraru, har da Goggo, ƙanwar Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai ta can tun Kafinta bai iya tafiya ba. Da aka soma zaman doya da manja tsakanin ƙasashen biyu, mutane suka fara ɗaure kaya, sai shugabanni suka zauna suka sa hannu a yarjejeniya: kowace ƙasa ta kare 'yan tsirarun da ke cikinta, gidajensu, shagunansu, makarantun 'ya'yansu, kuma duk wanda ya kori wani ya gamu da hukuma. Rediyo ya yi ta maimaitawa har yara suka haddace.

To Baffa ba sakarai ba ne, mugu ne kawai. Yarjejeniya ta hana kora, ba ta ce komai a kan rakiya ba. Sai ya tara zauna-gari-banzan layin ya kafa Kwamitin Rakiya. Ba sa dukan kowa, ba sa zagi. Kowace safiya dai sai an ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa, a gaishe shi har ƙasa, a tambaye shi yaushe ne tafiyar, don kada ya tafi ba a raka shi ba. Matan layi suka daina kai wa tsoho kekensu. Mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofarsu. A makarantar da Auta ke koyarwa, iyaye suka soma tambayar hedimasta, cikin ladabi, wa zai karɓi ajinta in ta tafi.

"Baffa, ku da bakinku kuka je kuka nemar mini aurenta," in ji Kafinta.

"Na nema lokacin suna zaune. Yanzu matafiya ne. Wa ya taɓa auren matafiyi?"

"Wa ya ce musu su tafi?"

Baffa ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa cewa shi bai taɓa ce wa kowa ya tafi ba, a kawo wanda ya ji. Shi taimako yake yi. Har mota kwamiti ya samar musu kyauta, kuma abin da ya kawo shi ke nan: Kafinta ya ɗauki guduma da ƙusa ya je ya haɗa wa tsoho akwatunan da za a zuba ƙarafunansa, kada a ce mutanen layin nan ba su san haƙƙin maƙwabtaka ba. Inna ta juya baya tana matse zanen da ya riga ya bushe. Tana son Auta, amma tana tsoron Baffa, kuma a gidan nan tsoro ne babba.

Kafinta ya je. Ya tarar da shagon tsoho an sauke komai ƙasa, kawunan kekuna a jere jikin bango, ƙananan sukurori a cikin gwangwanayen madara, Auta tana naɗe su da tsofaffin jaridu. Ta ga gudumar hannunsa, ta yi wata 'yar dariya da gara a ce kuka ta yi.

"Sannu da zuwa, ɗan kwamiti. An turo ka ka auna mu?"

Ya ce ta yi haƙuri, ya ce shi ba ya cikinsu, ya ce abin zai wuce. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce masa haƙuri kam ta yi, tana kan yi, ba ta taɓa ɗaga murya ga mai gaisuwar safe ba, har ruwa take miƙa musu. Amma babanta ya daina barci, ya daina cin abinci, kuma ba za ta zauna tana kallonsa yana ƙarewa don ta sami miji ba. In ya hau mota, ita ma ta hau.

"Abu ɗaya nake so ka tambayar mini Baffanka," ta ce. "Baƙo ake rakawa. Ni a gidan wa na sauka?"

Ya koma gida, ya kwance gadon da ya yi wata da watanni yana yi, ya yanka katakon da zarto, ya haɗa akwatunan da shi. Inna ta gani ta sa kuka. Baffa ya gani ya ce yaro ya yi hankali.

Ranar tafiya layin ya cika kamar ana rabon wani abu. Baffa ya sha babbar riga, ya ɗauko mai hoto, don in hukuma ta tambaya a nuna mata yadda aka rabu ana murmushi. Matan da suka ƙi gaida tsoho wata guda, yau su ne masu share hawaye da bakin mayafi, ido ɗaya na kuka, ɗaya na leƙen tagogin gidan da za a bari. Aka loda kaya, tsoho ya hau, Auta ta hau ba ta dubi kowa ba. Direba ya ta da mota. Sai ga Kafinta ya fito da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya kama ƙarfe ya haye baya ya zauna a kan akwati.

"Kai, ina za ka?" in ji Baffa.

"Rakiya."

"Har ina?"

"Ku da kuka kafa kwamitin ba ku faɗa mana inda take tsayawa ba. Duk inda aka sauke su, nan zan sauka."

A nan ne Inna ta manta da tsoro. Matar da ba a taɓa jin muryarta daga zaure ba ta cafki wuyan babbar rigar nan a gaban mai hoto, ta ce ɗa ɗaya Allah ya bar mata, in ya ƙetare iyakar nan to Baffa ya nemi inda zai kwana, don ita da shi a tsakar titi za su ƙare. Baffa ya ga idon jama'a, ya gyara hula, ya ce ai dama a matsayinsa na Ciyaman ya kamata ya kai su har shingen iyaka. Ya shiga gaban mota, da niyyar in an isa ya janyo yaron da kunne.

Ba su kai shingen ba suka tarar da abin da rediyo bai faɗa ba. Motoci ne daga ɗaya ɓangaren, jere har inda ido ya tsaya, katifu a sama, tukwane na rawa, tsofaffi zaune a kan buhuna rana na dukansu. Jami'an ƙasashen biyu sun tsayar da kowa, suna bi mota mota suna tambaya ko wani ya kore su, kowa na cewa a'a, don wanda aka gaisar har ya bar gidansa bai san sunan da zai ba abin ba. Baffa ya sauko yana miƙa, yana shirin yi wa Kafinta tsawa, sai ya ji an ce, "Yaya?"

Goggo ce. Tana zaune a gefen titi a kan katifa naɗaɗɗiya, ƙafafunta sun kumbura, jikarta na barci a cinyarta. Baffa ya ruga ya kama hannunta. Sai ya soma kumfa, yana cewa wane marar mutunci ne ya taɓa masa ƙanwa, ina hukuma, ina yarjejeniyar da aka sa wa hannu, shi sai ya kai ƙara har sama.

"Ba wanda ya taɓa ni, Yaya," in ji Goggo. "Gaishe mu suke yi kullum da safe. Sun ce an koya musu daga nan ɓangaren. Ko fassara kalmar ba su yi ba, da harshenmu suke faɗinta. Rakiya. Sun ce wani babban mutum ne a garinku ya ƙirƙiro ta. Allah ya isa tsakanina da shi, ko waye."

Goggo ta dubi yayanta, ta dubi motar da ya sauko daga ciki, ta ga tsoho mai keke da ta sani tun tana budurwa zaune a kan kayansa. Goggo ba yarinya ba ce. Ta janye hannunta daga na Baffa a hankali.

Ya ce ta taso su tafi gida, ɗaki na nan. Ta ce gidanta na can, inda ta binne mijinta, inda ta dasa bishiya ta ga ta yi inuwa, kuma jami'an nan sun ce duk unguwar da aka tabbatar an matsa wa mutane, za a mayar da su da tsaro a kama masu yi. Amma mutanen can sun rantse ba za su buɗe musu ƙofa ba sai nasu mutanen sun koma gidajensu a nan. In motar nan ta juya, tasu ma ta juya. In kuwa ba haka ba, ita a kan katifar nan za ta mutu, ya zo ya yi mata rakiyar ƙarshe tunda ya iya.

Ku zo ku ga Ciyaman yana tafiya zuwa bayan mota kamar an ɗaura masa dutse. Ya cire hula, ya ce wa tsoho a yi haƙuri a koma, kuskure aka samu. Tsoho ya gaji da duniya, ya nuna 'yarsa da haɓa kawai. Auta ta sauko, ta durƙusa ta gaida Baffa kamar yadda aka tarbiyyantar da ita, jami'i na tsaye yana jira.

"Baffa, mu koma a kan me? Ai ba abin da aka yi mana. Ko an yi?"

"Rakiya ce kawai, 'yata, aka ɗan..."

"To mun gode. Direba, mu je, kada rana ta faɗi."

Direba ya taka mota ta yi gurnani. Kafinta bai motsa daga kan akwatinsa ba. Goggo na kallo daga ƙetaren titi. Gumi na bin wuyan rigar Baffa da Inna ta yamutsa.

"Kora ce," ya ce.

Jami'in ya ce bai ji ba.

"Na ce kora ce. Mun kore su. Ni na shirya."

Haka motar ta juya, kuma kafin la'asar ta Goggo ma ta juya. Baffa ya kwana biyu yana amsa tambayoyi a wurin da ba a kiran kowa Ciyaman, ya fito ya tarar kwamitinsa ya watse, kowane ɗan kwamiti na rantsuwa shi gaisuwa kawai ya je yi. Kada in yi muku ƙarya, ba kowa ne ya dawo ba. Akwai gidajen da har yau a kulle suke, akwai tsofaffin da suka mutu a garin da ba su san hanyar kasuwarsa ba, don kawai wasu sun iya gaisuwa.

Auren kuwa an ɗaura shi. Inna da kanta ta je ta riƙo hannun Auta ta shigo da ita, tana kuka tana neman gafara, Auta ta ce ya wuce. Ta yi haƙurin da ba wulaƙanci a cikinsa, ba ta zagi babba ba, ba ta kuma yarda a yi mata ƙarya a fuska ba, Allah kuwa ya ba ta mijin da ya hau mota ba tare da an roƙe shi ba.

Darasin ba mai tsawo ba ne. Marar rinjayen da ke ƙarshen layinku, shi ne jinginar ɗan'uwanku da ke zaune marar rinjaye a wani wuri. Yadda kuka kwana da shi, haka za a kwana da naku. Shugabanni su sa hannu a takarda har tawada ta ƙare, in maƙwabci bai sa nasa a zuciya ba, motoci za su ci gaba da yin layi a bakin shinge. Kuma kafin ka ce kai ba ruwanka, tuna ranar da aka tambayi wani a gabanka yaushe zai koma garinsu, alhali ka san a asibiti ɗaya aka haife ku, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da latsa waya. In ba a taɓa yi a gabanka ba, ɗago ido ka ce ƙarya nake.