Reza a Wuyan Baba

A madubin shagon aski suka fara haɗa ido. Ta kawo wa Baba wayarsa da ya manta a gida, ta tarar an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kumfa har kunne. Mai askin ya ɗago ya gan ta, sai reza ta tsaya cak a sama.

"Aski za ka yi min ko kallo?" in ji Baba.

Hannun Auduga Baba ke kiransa, don in yana gyara maka gemu har barci kake yi. Shi kuwa tun ranar ya laƙaba mata Madubina, saƙonsa ba ya yankewa: "Madubina, yau tunaninki ya kusa sa in aske wa wani bawan Allah gira."

Abin da ba ta sani ba, tsayuwar wuni ta daɗe da cinye masa baya. Wani abokinsa ya miƙa masa ƙwayar tiramol, ya sha ya ji garau. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta daina yi masa komai, har ya kai in bai sha ba, gumi da ciwon gaɓoɓi ba sa barinsa ya riƙe almakashi. Ya rame, abu kaɗan ya hau faɗa, yana magana yana gyangyaɗi. Ita kuwa, baiwar Allah, ta ɗauka gajiya ce.

Maganar aure ta yi nisa ranar da hannun ya yi rawa, reza ta tsaga Baba a ƙarƙashin haɓa. Kafin a yi wani yunƙuri, mai askin ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. A asibiti likita ya ce ƙwayar ce, kuma ya auna arziki da numfashinsa bai ɗauke ba.

Baba ya shafa filastar da ke wuyansa ya ce, "Wanda ba zan iya miƙa wa wuyana ba, ba zan miƙa masa 'yata ba."

Ta ci kuka ta ƙoshi, sannan ta same shi a gadon asibiti.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Kunya, Madubina. Tsoro nake ki tafi."

"Wallahi ɓoyewar ta fi ƙwayar ƙona min rai."

Likita ya hana shi yankewa lokaci ɗaya, aka riƙa rage masa a hankali. Ya sha wuya: amai, rashin barci, ƙasusuwa kamar ana sara. Ana cikin haka saƙonsa ya shigo mata: "Na zame jiya, na sha. Ba zan sake ɓoye miki ba."

Nan take ta amsa: "Sa takalminka, mu koma wurin likita."

Watanni suka shuɗe. Ciwon bayan ma aka yi masa magani, ya samo doguwar kujera yana aski a zaune. Wata safiya sai ga Baba, gemu buzu-buzu, ita tana biye da shi. Ya zauna ya ɗaga haɓa.

"Ajiye injin nan. Da reza."

Ta tsaya bakin ƙofa, idonta a kan madubi. Reza ta bi ta gefen tabon nan a hankali, hannu ko gezau. Can sai suka ji minshari.

Da Baba ya farka ya shafa wuyansa ya ce, "Ɗana, turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure ango da kansa ya gyara wa surukinsa gemu. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya bar su tare.