Kofin Shayi a Kan Kapo

Mahfuzu ya fara ganin Mardiya ne a bayan mota, ta durƙusa kusa da bututun hayaƙi, ido a runtse, tana saurare. Ba wurinta ya zo ba. Jiglar ya kawo daga garajinsa na Madawa, ɗan ƙarfen nan mai huda kamar ta allura wanda man esansi ke bi cikin karburato. Mahaifinta, Malam Habu, tsohon direba ne a Buza. Ya sake ɗaura wa tsohuwar Fijonsa bashe, mai buɗaɗɗen baya, inji mai ƙarfi, injin kuwa ya ƙi zama lafiya: a ba shi mai da yawa ya yi baƙin hayaƙi, a rage ya kama tari a hawa.

Dattijon ya sa jiglar, ya tada mota, ya shiga juya sukurun karburato da turnabis don daidaita ralanti, wato kukan inji in mota na tsaye. Sai Mahfuzu ya lura ba injin yake kallo ba. Ta gefen kapo, murfin injin, yake leƙen ɗiyarsa. Ta ɗaga yatsa, ya ƙara juyi. Ta shimfiɗa tafin hannu, ya tsaya.

"Ka ji ta?" in ji Malam Habu da ƙarfi. "Kunne ne aikin, yaro. Duk Adar babu mai kunnena."

"Na ji, Baba."

Da Mardiya ta kawo wa Mahfuzu ruwa, ya kira ta da sunan da ake kiran ubangida a garaji, ya ce a hankali, "Sannu da aiki, Shef."

"Wane shef? Ni tuwo nike tuƙawa."

"To, tuwonki na da ralanti mai kyau."

Ta danne dariya da bakin mayafi. Da zai tafi ya nemi lambar waya don jin labarin jiglar. Malam Habu ya ce shi ba ya son waya, a ɗauki ta ɗiyarsa. Haka dattijo ya buɗe ƙofar da hannunsa.

Saƙon farko na aiki ne, na biyu ma kusan haka. Kafin a cire albasa a fadama an bar maganar mota.

"Shef, yau na ɗaure wa wani karburato baibai. Laifinki ne."

"Makanise, ka bar ɗora mini. Ka ci abinci?"

"Na ci, bai yi daɗi ba. Ina sonki, ba da wasa ba."

"Na sani. Ni ma haka. Sai ka zo ta ƙofar gida."

Ya tura magabata, Malam Habu ya mayar da su da goronsu. Ya ce ba zai ba mai gyara wa samari babura don gudun banza ɗiyarsa ba. Ya ce akwai Yaƙubu mai shagon kayan mota, yaro natsattse, ga shi katangarsu ɗaya.

Katangar ce maganar, sauran duk ƙari ne. Kunnen Malam Habu ya daɗe da yin nauyi, ba wanda ya sani sai Mardiya da mahaifiyarta Inna Laraba. Mutanen gari sun ɗauka faɗa ne ke sa shi ɗaga murya. Har yanzu direbobi na kawo masa motoci daga Keita da Ibohamane don ya saurara, shi kuwa da wannan suna yake tsaye. In Mardiya ta tafi Madawa, kunnensa ya tafi.

Mahfuzu ya yi gaggawa, kamar yadda masoya kan yi. Ya rubuta mata: "Shef, na san abin da ke tsare ki. Baba ba shi ji. Tun ranar farko na gani."

Ita ta karanta shi a matsayin barazana. "In ka faɗa ma ko mutum guda, ka manta da ni," ta amsa. Daga nan ta daina buɗe saƙonninsa. Ta ce wa Inna Laraba ta yarda da Yaƙubu. Ta faɗa ba hawaye, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, don ba ta son Yaƙubu ko kaɗan, kuma ba ta iya barin a yi wa ubanta dariya.

Ranar kasuwar Buza sai ga Mahfuzu a ƙofar gida, ba goro, ba rakiya. Ya tarar da dattijon gaban Fijo, mai shayi ya ajiye masa ɗan kofin gilashi. Mardiya na cikin zaure, ta gan shi, ta ƙi fitowa.

Ya durƙusa inda Malam Habu zai ga bakinsa. "Baba, shawara ta kawo ni. Garajina hayaniya ta yi yawa, ba ni jin inji. Sai na koma ga wata dabara, ban sani ba ko shirme ce. Hannunka ya fi nawa, ka gwada mini."

Ya ɗauki kofin shayin ya ɗora a gefen kapo, kusa da injin da ke aiki. Shayin na rawa, yana neman zubewa. Malam Habu ya harare shi, amma ya ɗauki turnabis. Ya juya sukuru ciki, rawar ta ƙaru. Ya dawo da shi waje a hankali, shayin ya fara lafawa. Ya wuce kaɗan, ya sake tashi. Ya koma da shi baya, shayin ya kwanta, sai ɗan kaɗawa a sama.

Suka shiga motar suka kama hanyar Tabotaki, ta haye hawan dutse ba tari. A can sama dattijon ya kashe inji, ya kwance buji, fulogin wutar inji, ya ɗaga ga rana. Ba baƙin toka na yawan mai, ba farin ƙuna na ƙarancinsa. Launin soyayyar gyaɗa ne.

Malam Habu ya daɗe yana juya bujin a hannu.

"Na san garajinka," ya ce. "Bayan makaranta yake. Ba shi da wata hayaniya."

Mahfuzu ya sunkuyar da kai.

"Wa ka faɗa mawa?"

Mahfuzu ya ɗago, ya bar shi ya ga bakinsa. "Ba kowa, Baba. Kuma ba ni faɗi."

Dattijon ya mayar da buji, ya ɗaure, ya goge hannu da tsumma. "Ka ce ma mutanenka su dawo da goron nan."

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Mahfuzu. "Makanise, na yi maka mummunan zato. Ka yafe mini."

"Ni na yi magana ba birki, Shef. Ki yafe mini ni ma."

Yaƙubu ya yi fushinsa na ɗan lokaci, sannan ya zo ɗaurin aure ya ci goro kamar kowa.

Ranar kai amarya Malam Habu ya ce Fijo ce za ta kai ɗiyarsa Madawa, kuma shi zai duba ta kafin direba ya hau. Aka fito da Mardiya a lulluɓe, aka zaunar da ita gaba tare da gwaggonta. Ya buɗe kapo, ya tada inji. Ta ji mai ya ɗan yi yawa, yatsanta ya ɗaga da kansa a ƙarƙashin mayafi, kamar yadda ya saba tun tana ƙarama.

Bai leƙo ba. Kofin shayin da ya ɗora kusa da injin yake kallo. Ya juya turnabis, injin ya daidaita, ya rufe kapo.

Nan ne kukan amarya ya zo mata da gaske, mata suka ɗauka na al'ada ne. Malam Habu ya zagayo ta taga, ya dafa kanta, ya yi magana da ƙarfi yadda duk unguwa ta ji.

"Tahi, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka, shi ba ku zaman lafiya. Aikinki nan gidan ya ƙare."

Ta ɗan ɗaga mayafi, ta ce amin. Bai ji ba, amma ya ga bakinta.