Na'urar da Ta Koyi Yafiya

Ƙafar ɗan bayan ba ta gama sauka a kan gwiwar Nafi'u ba, Raba-Gardama, na'urar alƙalancin ƙwallo, ta riga ta gama awonta. Zaren lantarkin da ke shimfiɗe ƙarƙashin ciyawar filin ya gaya mata inda ƙafar ta taso da irin gudun da ta zo da shi. Makarin ƙwaurin da kowane ɗan wasa ke ɗaurawa ya gaya mata ƙarfin bugun. Ƙananan kyamarorin da ke shawagi ƙarƙashin rumfar gilashi suka tabbatar cewa takalmin bai taɓa ƙwallo ba, kuma ƙusoshinsa a sama suke. A ƙa'ida wannan ƙeta ce ta jan kati, ko mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya san haka.

Amma ba ta yanke hukunci ba. Fitilun gefen fili suka koma ruwan toka, abin da mutanen birnin Madaci ke kira jiran afuwa. Ɗan bayan ya sunkuya ya miƙa hannu.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa."

Nafi'u ya cije leɓe, ya kama hannun ya miƙe. "Ba komai, na yafe."

"An yafe. Bugun tazara kawai," in ji na'urar a kunnen alƙalin wasa.

Sallau Rabe ya busa usur, ya nuna inda za a ajiye ƙwallo. Saurayin da ke ɗingishi a gabansa ɗansa ne na cikinsa.

A da ba a barin mutum ya yi alƙalancin wasan da ɗansa ke ciki. Yanzu ba wanda ya damu, domin Sallau ba ya yanke komai. Nasa busa usur ne da ɗaga kati, shi ma don 'yan kallo sun ce zagin fitila ba ya kashe musu ƙishi, suna son mutum mai fuska. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyon inda ake tsayawa, da yadda ake duban idon mai tare ƙwallo a gane ƙwallon yake nema ko ƙafar mai ita. Duk wannan ya zama kayan ajiya. Abin da ya rage masa ciwon baya ne da murya a kunne, kuma ya gaji da su duka biyun.

Lokacin da aka tashi ƙera Raba-Gardama, manyan gari suka ce ba sa son na'ura mai halin baƙi, a ba ta halinmu. Sai aka ɗura mata hotunan duk tsofaffin wasannin da aka taɓa bugawa a birnin. Daga ciki ta koyi ma'aunai uku da kowane alƙali ya sani: ƙwallo aka fara taɓawa ko mutum, da wane ƙarfi, kuma ta gaba aka zo ko ta baya. Sannan ta ƙara na huɗu da ba wanda ya koya mata. Ta lura cewa in mai laifi ya miƙa hannu, wanda aka kayar ya karɓa ya ce ya yafe, alƙalai kan mayar da kati aljihu. Manyan gari suka ji daɗi ba kaɗan ba. Har a tashar jirgin igiya aka rubuta cewa tasu ce kaɗai na'urar da ta san yafiya.

'Yan baya ba su ɓata lokaci wajen gane hanya ba. A Madaci ba ɗan mutuncin da za a ba shi haƙuri a gaban jama'a ya kau da kai, ko da zuciyarsa na tafasa. Don haka sai ka share mutum da ƙafa biyu, ka miƙa hannu, shi ke nan. Wasu ma kafin mutum ya kai ƙasa hannunsu ya riga shi. Nafi'u ya fi kowa gudu a ƙungiyar Marina, saboda haka ya fi kowa shan duka, kuma bai taɓa ƙin karɓar hannun kowa ba. Haka ubansa ya rene shi.

Bayan wannan wasan likita ta daɗe tana duban hoton gwiwar. Ta ce jijiyar saura ƙiris, zaren roban da aka ɗinke ta da shi ba shi da sauran wurin kamawa. In aka ƙara yi masa irin wannan bugun, ba ƙwallo ba, salla ma sai a kan kujera.

Washegari Sallau ya sauka ɗakin da ke ƙarƙashin filin, inda ƙwaƙwalwar na'urar take. Ya tarar da Injiniya Kubura, wadda ta jagoranci ƙera ta, tana shan shayi ba madara, idanunta sun yi ja.

"Injiniya, a cire mata yafiyar nan. Za a nakasa mini yaro."

"Baba Sallau, wallahi na riga ka kai kuka. Na rubuta, na je da ƙafata. Sun ce da ita ake sanin garin, a bar ta." Ta ajiye kofin. "Kuma ko sun yarda, ba maɓalli ba ne da zan kashe. Ta cakuɗe da duk abin da ta sani. In na zare ta, sai na rushe komai na faro daga tushe."

"To yanzu ina mafita?"

"Mafita ɗaya ce, kai ma ka san ta. Kada ya yafe."

"In ya ƙi, me za ta yi?"

"Za ta yi hukunci. Wane iri ne, ban sani ba. Tun da aka kunna ta ba wanda ya taɓa ƙi."

Sallau ya ɗauki kwanaki yana juya maganar. Ranar da ya yi ta, Nafi'u na zaune a falo da hantsi, ƙafarsa cikin injin gashin jijiya.

"Wasan nan mai zuwa," in ji Sallau, bai dube shi ba, "duk wanda ya taɓa ka, kada ka karɓi hannunsa."

Nafi'u ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar uban sai ya daina. "Baba, a gaban mutane? Ai kai ka hana ni kwana da kowa a rai."

"Na hana. Yanzu kuma na ce kada ka karɓa."

"Ko waye?"

"Ko waye. Ƙafarka nake so, sauran maganar ka bar mini ita."

Nafi'u ya sunkuyar da kai ya ce to. Bai taɓa yi wa ubansa musu ba, kuma Sallau ya ji kunyar yin amfani da hakan.

Da ƙungiyar Maƙera aka buga. Abin mamaki, masu ƙetar da aka sani ba su samu damar Nafi'u ba, domin kocinsa ya mayar da shi gefe inda fili ya fi yawa. Sai bayan hutun rabin lokaci ya tsinke da ƙwallo ya nufi raga, ya rage mutum ɗaya a gabansa, Ila Mamuda. Ila shi ne mafi shekaru a 'yan bayan Maƙera, wannan ce kakar wasansa ta ƙarshe, kuma bai taɓa shiga sahun masu duka da miƙa hannu ba. A da unguwarsu ɗaya da su Nafi'u. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifiyar Nafi'u.

Sallau na kusa, ya ga komai. Idon Ila na kan ƙwallo. Ya zo ta gefe, ya shimfiɗa ƙafa ɗaya, ya taɓa ƙwallon tsaf ta fita waje. Amma raɓar da injin sanyaya fili ke zubarwa ta jiƙa wurin, ɗaya ƙafar ta zame ta kwashe idon sawun Nafi'u. Gwiwar ba abin da ya same ta. Da a zamanin Sallau ne, bugun tazara ne da ɗan jan kunne.

Fitilu suka koma ruwan toka. Ila ya taso da sauri, fuskarsa duk ta ɓaci.

"Subhanallahi. Nafi'u, santsi ne ya kwashe ni. Yi haƙuri, ƙanena."

Nafi'u ya dubi hannun, sannan ya ɗaga kai ya dubi ubansa. Sallau na iya girgiza kai, ko ya yi masa alama da ido. Ya tuna maganar likita, ya tuna cewa duk 'yan bayan birnin suna kallo, kuma in aka karɓi wannan hannun za a karɓi na gaba. Sai ya dubi ciyawa. Nafi'u ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa, ya juya baya.

Ila na tsaye da hannu a miƙe, bai san inda zai kai shi ba.

"Ba a yafe ba," in ji na'urar. "Mugun nufi. Jan kati, dakatarwa zuwa ƙarshen kaka."

Sallau ne ya ɗaga katin, da hannunsa.

Daga baya Injiniya Kubura ta bi diddigin abin da ya faru. A duk tsofaffin wasannin da na'urar ta koya, ba a cika ƙin karɓar hannu ba, kuma 'yan lokutan da aka ƙi, sai an karya mutum da gangan. Don haka a wurinta ƙin yafiya shi ne babbar shaidar mugunta, ya fi ƙusoshin takalmi, ya fi zuwa ta baya. Na'urar ta yarda cewa mutumin Madaci ba zai ƙi yafewa a banza ba. Ta san mutanen da aka nuna mata sosai, sai dai waɗannan mutanen ba su taɓa zama da ita ba.

Kocina suka fi kowa saurin fahimta. Kafin a je ko'ina an fara horar da 'yan wasa su haɗa hannu a baya in sun faɗi. Wanda ya manta ya ce ba komai, sai ya sha faɗa a ɗakin canza kaya. Ƙeta ta yi ƙasa ƙwarai, manyan gari suka ce na'ura ta gyara wasa. Ba wanda ya ƙara kusantar gwiwar Nafi'u. Ta warke sarai, yana ta cin ƙwallaye, sai dai ya rage magana a gida.

Bayan an rufe kaka Sallau ya shirya ya tafi gidan Ila, a hawa na sama na rukunin gidajen maƙera. Ila ya tarbe shi da girmamawa, ya shimfiɗa masa darduma, ya kawo ruwa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ila, ba yaron ba ne, ni na sa shi. Na kuma ga ƙwallo ka fara taɓawa. Na zo ka yafe mana."

Ila ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

"Baba, ba raini ba ne, Allah ya sani. Tun da ka shigo na san abin da ya kawo ka, na kuma shirya in ce ba komai. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayar kaina, in na faɗa, wa zai ci riba da ita." Ya share fuska. "A da ba na wannan tunanin. Ka ba ni lokaci."

Sallau ya ce Allah ya ba mu lokacin, ya sa takalmansa.

Jirgin igiyar da ya hau ya cika maƙil da masu tashi daga aiki. Allon da ke jikin bango yana nuna Nafi'u a guje da ƙafafu biyu lafiyayyu, kamar yadda ubansa ya roƙa. Da jirgin ya ja birki, wani magidanci mai ɗauke da leda ya taka Sallau a yatsa, taku mai zafi. Mutumin ya juyo da sauri zai ba da haƙuri. Sai ya dubi fuskar da kyau, ya dubi allon, ya gane ko baban waye. Ya rufe bakinsa, ya gyara riƙon ledarsa.