Kitse a Hantar Siririya

"Giya take sha."

Yayar Malam ce ta faɗa, tana kaɗa takardar hoton ciki a tsakiyar falo kamar ta kama ɓarawo. Ma'aikaciyar jinya ce, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a gidan. Ta ce yarinyar da iska za ta iya ɗauka, ina ta samo kitse a hanta in ba a kwalba ba?

Siririya mai ɗinki tana durƙushe gaban mahaifiyar Malam. Saura sati biyar aurenta da Malam.

Ta ɗago ta dube shi. Tare fa suka je asibiti. Yana zaune kusa da ita likita ya ce ciwon hanta ne nau'in C, wataƙila daga jinin da aka ƙara mata tana ƙarama. Ƙwayar cutar ce da kanta take sa hanta ta tara kitse, ita ƙwayar ta lulluɓe da shi ta bi jini, ko da mutum bai da ƙiba, ko bai taɓa ganin giya ba. Maganin wata uku yakan kawar da ita. Ranar har dariya Malam ya yi a mota, wai ashe can abincin da yake saya mata yake tafiya.

"Malam... faɗa musu abin da likita ya ce."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

"Yaya ta fi ni sanin aikin asibiti."

Mahaifiyarsa ta sa aka jefa kofin da ta sha ruwa a kwandon shara, a kan idonta. Yaya ta san ba a ɗaukar cutar ta kofi, amma ta bari aka jefar. Tun bara take yi wa wata ƙawarta kamun ƙafa a gidan, tana so Malam ya aure ta.

Aka fasa auren. Zancen ya riga Siririya isa shago. Masu kawo ɗinki suka riƙa aikowa a karɓo musu yadinsu. Ta riƙa shan maganinta kullum, a gaban keken ɗinkin da ba kowa a kansa sai ita.

Ranar da gwajin ƙarshe ya nuna babu cutar, ta rubuta masa: "Abin ƙaunata, na warke."

Tana zaune a bencin asibiti amsa ta shigo.

"Allah ya ƙara lafiya. Wace ce?"