Ɗan Tsoho a Bahon Auta

Tsakuwar farko ta faɗo kan kwanon gidan ne ana kiran sallar magariba. Umma na kwashe shanya, Safiyo kuma na zaune a baranda yana kwance igiyar takalminsa. Tsakuwar ta buga, ta gangaro a hankali, ta faɗi kusa da famfo. Safiyo ya ɗaga kai ya ce yaran maƙwabta ne. Umma ba ta tuna masa cewa maƙwabtan nasu wasu tsofaffi ne da jikokinsu ke wani gari ba. An daɗe da daina gyara wa juna magana a gidan.

Awon filaye ne aikinsa, shi ya sa har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Safiyo yake ce masa. Mutum ne da abin da tef ɗin awo bai kama ba, ba ya cika damun kansa da shi. Yana sallarsa a kan lokaci, bai taɓa musun akwai aljanu ba, sai dai a ganinsa suna da harkokin gabansu da suka fi jifan kwanon ma'aikacin gwamnati muhimmanci.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Babbar mace ce, shekararta goma, kowa Yaya yake kiranta, har iyayenta, domin haka ƙanenta ke kiranta tun da bakinsa ya buɗe. Ƙanen, Auta, bai cika shekara uku ba zazzaɓi ya kama shi. Safiyo ne ya saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti, ya kuma dawo kafaɗarsa ba kowa. Bayan an watse daga zaman makoki, Umma ta saki labulen ɗakin yaron ta ja ƙofa. Yaya ba ta yi kuka ba. Maganar ce kawai ta ɗauke mata, sai ta gyaɗa kai ko ta girgiza.

Ana cikin haka wata rana aiki ya kai Safiyo bayan gari, inda katafila ta tumɓuke wata tsohuwar bishiya za a yanka filaye. A cikin saiwoyin ya ga ɗan kunkuru, bai kai murfin gwangwanin madara ba, yana ta fafutukar hawa wani ɗan tudun jar ƙasa yana zamewa. Bai yi wani dogon tunani ba, ya jefa shi aljihun riga.

Da ya ɗora shi a tafin hannun Yaya, kunkurun ya leƙo da wuyansa mai tamoji, ya dube ta kamar wanda aka tasa daga barci ba dalili.

"Abba," in ji ta, muryar a shaƙe don rashin amfani, "me yake ci?"

Umma da ke bakin kicin ta dafa bango.

Yaya ta sa masa suna Ɗan Tsoho. Ta buɗe ɗakin da ba mai buɗewa, ta jawo shuɗin bahon wankan Auta, ta shimfiɗa masa tawul ɗin Auta, ta sa shi a ciki. Akwai ragowar madarar yaron a gwangwani, ita take dama masa, ta jiƙa burodi, ta kai bakinsa da ɗan cokalin roba mai hoton agwagwa. Labule a sake, fanka na juyawa, tayil ɗin ɗakin da sanyi kamar gindin randa. Safiyo ya san ba haka kunkuru ke rayuwa ba, ko a makaranta an koya musu. Amma daga bayan ƙofa suna jin 'yarsu tana magana, tana lallashi, tana faɗa, har da 'yar dariya. Wa zai taɓa wannan?

Ba a jima ba Ɗan Tsoho ya daina cin abinci. Idanunsa suka kumbura suka rufe. Da Safiyo ya danna ƙoƙon bayansa da yatsa, sai ya ji ya lotsa kamar jiƙaƙƙen kwali.

Likitar dabbobi ta juya shi a hannunta, ta dubi uba da 'ya ta saman gilashinta.

"Madara? Wa ya ce muku ɗan maraƙi ne?" Sai ta sassauta murya don yarinyar. "Ganye yake so, 'yata. Latas, ɗanyar ciyawa, ɗan kokwamba jefi-jefi. Ki daka ɓawon ƙwai ya yi laushi ki barbaɗa masa, shi zai ƙarfafa masa baya. Ruwa a faranti marar zurfi, kada ya wuce haɓarsa. Ƙasa a ƙarƙashinsa, da ɗan wurin ɓuya. Sannan rana. In bai sha hantsi ba, duk abin da kika ba shi a banza ne."

A mota Yaya ta rungume kwalin a ƙirjinta.

"Ba zan fitar da shi waje ba."

"Tsakar gida ce fa, Yaya."

"Abba, duk abin da aka fitar daga ɗakin nan ba ya dawowa."

Safiyo ya kama sitiyari da hannu biyu. Kunkurun ya koma baho, da magaribar ranar kuma tsakuwar nan ta faɗo.

Daga nan kullum magariba sai an yi jifa. Ba mai yawa ba, ba kuma da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da yake jin nauyin masu shi. Safiyo ya hau tsani ya duba kwanon, ya ce zafin rana ne ke sakin ƙarfe. Aka fara samun jar ƙasa a tsakiyar ɗakin Auta, ɗan tulin da bai fi cikin hannu ba. Ya murza ta a yatsunsa, ya gane ƙasar, ya ce takalminsa ne ya kwaso ta. Takalmin da bai taɓa wuce baranda ba.

Sai wata magariba Umma ta leƙa ɗakin ta tarar da Yaya a durƙushe gefen baho, ta cusa kanta tsakanin kafaɗunta, tana wani gunji ƙasa-ƙasa da muryar tsohuwar da ta gaji da duniya. Ta kira ta, yarinyar ta juyo a hankali ta ce, "Ba ta nan."

Likitan yara ya ce baƙin ciki ne da bai sami hanyar fita ba. Safiyo ya ji daɗin bayanin, ya maimaita wa Umma shi a hanya har da ƙari. Ta bari ya gama.

"Abbansu, gobe zan kira Malam. Ba shawara nake nema ba, sanar da kai nake yi."

Har yanzu Abbansu take ce masa. Bai musa ba.

Malam tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mai karatu mai zurfi, gilashinsa ɗaure da zare a gefe guda. Ya zo ana gab da faɗuwar rana, bai zo da komai ba sai carbinsa. Ya zauna a tabarma a bakin ɗakin, ya dubi bahon, ya dubi labulen, ya dubi yarinyar da ke durƙushe. Sannan ya fara karatu a hankali, ba tsawa, kamar mai karanta wa kansa. Duhu ya shigo ɗakin ya zauna tare da su. Tsakuwa ta buga a sama, wata ta biyo ta, sai shiru.

Yaya ta saki wani dogon numfashi.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo ba."

"To baiwar Allah, me ya kawo ki jikin yarinya ƙarama?"

"Na yi sallama a kan kwano, ba wanda ya amsa. Mai gidan ya ce ƙarfe ne."

Malam ya ɗan dubi Safiyo, Safiyo ya dubi ƙafarsa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"A bishiyar nan muke tun kafin a san za a yi gari. Ranar da ƙarfenku ya zo, na fita da abin da na iya ɗauka. Ɗana ne ban iya ɗauka ba." Muryar ta tsaya, ta sake kamawa. "Kunkurun nan abokin wasansa ne. A gabansa ya fasa ƙwai ya fito. Shi kaɗai ya rage mini da ya san shi."

Umma ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "Amma kin san zalunci ne shiga jikin da ba naki ba."

"Ƙofar a buɗe na same ta. Gidan duk a rufe, yarinyar ce kaɗai a buɗe. Ku dubi yadda suka yi da shi. Sun sa shi a duhu suna ɗura masa abincin wani. Ba ɗanku ba ne. Ɗanku ya tafi, kamar nawa."

Tun ranar da aka yi rasuwar, ba wanda ya faɗi wannan a cikin gidan. Safiyo ya lura, don ba ya iya daina lura, cewa duk ƙorafin baƙuwar bai wuce abin da likitar dabbobi ta faɗa a gaban Yaya ba.

"Me kike so?" in ji Malam.

"A ba ni abina."

"Ki kai shi ina? An zuba harsashin gini a wurin. Kuma kin ga halin da yake ciki, ko bakin titi ba zai kai ba. Yarinyar nan kuma da shi ta samu bakin magana. Ke da kika san zafin, ke za ki ƙara mata?"

Fanka na ta juyawa.

"To a fitar da shi rana. A sa masa ƙasa. In bayansa ya yi ƙwari zan zo in ɗauka."

"Ki fita yanzu, kada ki sake dawowa jikinta, kada ki sake jifa."

"Na yarda. Amma yarinyar ce za ta fitar da shi da hannunta. Uwar kuma ta ɗaga labulen nan, yaron ba ya cikin ɗakin."

Yaya ta yi atishawa ta sulale gefe. Safiyo ya tare ta kafin kanta ya taɓa tayil. Ba nauyi, kamar Auta ranar da ya saɓa shi.

Da ya raka Malam ƙofar gida, ya kasa haƙuri.

"Malam, tsakani da Allah, aljana ce ko yarinyar ce?"

Malam ya gyara zaman gilashinsa. "Ko wace ce, ai ba ta yi ƙarya ba. Ka samo bulo."

Washegari Safiyo ya auna wani lungu a tsakar gida inda hantsi ke sauka, inuwar katanga kuma ke rufewa da azahar. Ya jera bulo, ya zuba ƙasa da yashi, ya kifa rabin tukunyar fulawa ta zama ɗaki, ya binne faranti daidai da ƙasa. Bai taɓa yi wa wani fili awo da kulawa irin wannan ba. Yaya ta fito da Ɗan Tsoho a tafin hannunta, tana taku kamar mai ɗauke da ruwa a cokali. A bayanta aka ji ƙarar zoben labule.

Ɗan Tsoho ya sha rana, idanunsa suka buɗe. Ranar da ya fara yagar latas, gidan gaba ɗaya aka tsuguna ana kallo. Umma ta riƙa tara ɓawon ƙwai tana shanyawa, ta wanke bahon ta ba wata mai goyo a unguwar. Kowace safiya Yaya kan danna bayansa da ɗan yatsa, kowace safiya yana ƙara tauri. Ta san abin da hakan ke nufi, ba ta kuma rage masa ɓawon ƙwai ko sau ɗaya ba.

Wata safiya ta fito da ganye a hannu ta tarar ba kowa. Ta ɗaga tukunyar, ta tona yashin, ta tsaya.

Safiyo ya zagaya bayan bulon. A kusurwar da ke jikin katanga, inda ruwan famfo ke jiƙa ƙasa, ya ga ɗan rami ya bi ta ƙarƙashin bulo ya fita wajen magudanar ruwa. Faɗinsa daidai murfin gwangwani, da ɗan ƙari. Kunkuru dabba ce mai tono, wannan ma an koya musu a makaranta.

"Abba, ta zo ta ɗauke shi ko?"

Ya dube ta.

"Za ta kula da shi ko? Ta san abin da yake ci. Ba shi kaɗai yake ba ko, Abba? Akwai wanda ya karɓe shi?"

Safiyo ya sa gefen takalminsa ya tura ƙasa a kan ramin, ya taka a hankali.

"Akwai, Yaya."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun ranar, tana kiran Auta, Auta, da ƙarfi har tsofaffin maƙwabta suka leƙo ta taga. Umma ta fito da gudu ta durƙusa ta rungume ta, ita ma ta saki nata. Safiyo ya tsaya a kansu bai motsa ba, ƙafarsa na kan wurin, har rana ta bar lungun.